Matan da na bari a tsaye shekara 14

A shagon hayar littattafai na bakin layinmu a Gwammaja akwai wata kanta can sama, kusa da rufi, wadda mai shagon yake kira kantar marayu. Sai ya taka benci hannunsa yake kaiwa. Littattafan da ke kanta a ɗaure suke da robar ɗaure kuɗi, bibbiyu ko uku-uku, ƙura ta yi musu bargo. Ina aji uku a sakandare na tambaye shi dalilin sunan. Ya ce, "Waɗannan iyayensu sun haife su sun gudu. Na ɗaya ya fito, na biyu ya fito, na ƙarshe har yau yana hanya. In na ba da su haya ni ake dawowa a zaga, kamar ni na rubuta." Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce Allah wadaran marubucin da zai yi wa mutane haka. Ba a cika shekara 10 ba littattafaina biyu suka hau kantar nan.

Ni ba wata shahararriya ba ce. Malamar firamare ce, ina koyar da 'yan aji huɗu, ina aure a Kurna, yarana biyar. Abin da ya sa na ga gara in buɗe cikina shi ne 'yan mata da samarin da suke turo mini babin farko na labarinsu, su ce Anti ki duba mini. Ina dubawa, sau da yawa ma sai in ga alƙalaminsu ya fi nawa kaifi. Sai in ce to, ina sauran? Shiru. Bayan wata biyu sai ga wani babin farkon, na wani labarin daban. Na san ciwon nan, don na yi jinyarsa shekara 14, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ina shekara shida mahaifina ya rabu da mahaifiyata, ta koma wajen danginta, daga baya ta yi aure a Damagaram. Abokiyar zamanta ce ta riƙe ni, wadda duk gidan muke kira Inna. A bakinta na fara jin labari. Bayan sallar isha'i za ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," mu ce "Ta zo mu ji ta." Tana da wata ɗabi'a da take ba mu haushi a lokacin: in ta fara tatsuniya ba mai barci sai an kai ƙurunƙus. Duk wanda ya fara gyangyaɗi sai ta ɗan mintsine shi a cinya, ta ce, "Tashi, ba a barin Gizo a kan hanya." Ko ruwa ne ya sauko, a guje za mu koma ɗaki ta ƙarasa mana a tsaye.

Na taso a daidai lokacin da littattafan Hausa suka cika Kano. Muna ɓoye su a tsakiyar littafin lissafi, muna musaya ta ƙarƙashin tebur, da yamma kuma a ji ana karanta wasu a rediyo. Wanda bai ga zamanin ba sai an yi masa bayanin yadda harkar take. Labari ɗaya ana raba shi kashi-kashi, na 1, na 2, na 3, wani har na 4, kowane ɗan siriri, da hoton kyakkyawar mace a bango. Ba ado ne ya kawo rabawar ba, aljihu ne. Marubuciya ita ke biyan mai buga rubutu a kwamfuta, ita ke biyan maɗaba'a, sannan ta kai wa dillalai a Kasuwar Sabon Gari, su kuma su watsa shi Katsina, Kaduna, Sakkwato, har Nijar. Kuɗin na ɗaya shi ke buga na biyu. Saboda haka dole a yanke labari a inda ran mai karatu zai tsaya a wuya, a rubuta "Mu haɗu a littafi na biyu." Wannan jimlar alƙawari ce, amma da yawanmu muna rubuta ta ba mu san me za mu kawo wajen haɗuwar ba.

A 2005 na ɗauki adashi, na haɗa da kuɗin sarƙa da ɗan kunnen lefena, na buga na ɗaya. Labarin wata yarinya ne, Rakiya, da aka saki uwarta ta taso a hannun matar uba. Ya karɓu fiye da zatona. Har gida ake aiko yara a tambayi na biyu. A 2006 na biyun ya fito, ga kuma inda na yanke shi: magariba ta kawo jiki, Rakiya tana tankaɗe a tsakar gida, matar uban tana tuƙa tuwo, sai aka ji sallama daga zaure. Uwar Rakiya ce, bayan shekara 15. Rariya ta tsaya a hannun yarinya, muciya ta tsaya a hannun matar uba. Mu haɗu a littafi na uku.

Na zauna rubuta na ukun da zumuɗi. Na sayi sabon littafin rubutu da biro biyu. Na rubuta, "Wa alaikumus salam," sai hannuna ya tsaya. Wa ya amsa sallamar? In matar uban ce, da wace murya? Na ce bari in huta zuwa gobe. Goben ita ce ta zama shekara 14.

In ka tambaye ni a lokacin, hujjojina sun fi gashin kaina yawa. A 2007 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan littattafan soyayya a Kano, har aka ƙona wasu a bainar jama'a, daga baya kuma maganar rajistar marubuta ta taso. Na ce ai yanzu ba lokacin fitar da littafi ba ne. Gaskiya ita ce ba wanda ya riƙe hannuna, abokan rubutuna sun ci gaba da fitar da nasu. Sai na fake da goyo. Sai rashin wuta. Da aka hana acaɓa a farkon 2013, har shi na saka a lissafi, wai shagon mai buga mini rubutu ya yi nisa, alhali ba ni da ko shafi ɗaya da zan kai masa. Mafi muni, kuma wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, ranar da gobara ta ci Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, mutane suna salati suna jajanta wa waɗanda dukiyarsu ta ƙone, wani ɓangare na zuciyata ya raya mini cewa wataƙila ragowar kwafina suna ciki, shi ke nan an huta da masu tambaya. Na yi istigfari, amma tunanin ya riga ya gifta, kuma shi ya nuna mini irin nauyin da nake ɗauke da shi.

Kada a ɗauka na daina rubutu a shekarun nan. Ina! Ban taɓa rubutu kamar lokacin ba. Akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, da na ƙirga abin da ke ciki sai na sami littattafan rubutu 23, kowanne da labarinsa, kowanne ya mutu tsakanin shafi na 40 da na 50. Farkon labari amarci ne. Komai sabo, komai ƙamshi, ba a yanke hukuncin komai ba, yarinyar labarin tana iya zama duk abin da kike so. Wajen shafi na 40 gara take ƙarewa, a fara maganar cefane. A nan ne za ki ga kin tara mutane kin rasa aikin ba su, kin ɗaura ƙulli kin manta ta ina kika zarga shi. Kuma a daidai wannan ranar, ba jiya ba, ba gobe ba, sabon labari zai yi sallama da babbar riga da turare kamar bazawari, ya ce ai ni na fi wancan sauƙi. Sau 23 ina amsa masa. Ban taɓa tsayawa na lura cewa shi ma garar tasa ƙarewa za ta yi ba.

Akwai kuma wata dabarar yaudarar kai da ta fi wannan kama da aiki. Wani labarin sai da na kwafe babinsa na farko sau tara. Yau in canza sunan yarinyar, gobe in mayar da gidansu daga Fagge zuwa Yakasai, jibi in ga gara a fara da ranar ɗaurin aure. In tashi da yatsu suna ciwo, raina fes, wai na yi rubutu. Ina ta goge ƙofar gida da fenti, ɗakin ba rufi. Sannan ga bakina. A gidan biki ko a ofishin malamai sai in kwashe labarin da nake rubutawa tun daga farko har ƙarshe in ba ƙawaye, su yi ta "Kai, wannan zai yi daɗi!" In na koma gida sai in ji na ƙoshi. Yabon da ya kamata in yi wa wahala na riga na karɓe shi a arha.

Inna ce ta fasa ƙwan. Wajen 2015 muka haɗu a sunan 'yar ƙanwata. Inna ba ta karatun boko, amma na san ƙannena sun karanta mata littattafan biyu tun fitowarsu, kuma ba ta taɓa ce mini uffan ba. Ranar muna zaune a ɗaki ana ƙulla cincin a leda, ta ɓantari goronta, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Uwani, matar nan da kika bari da muciya a hannu, tuwon nata bai ƙone ba kuwa?" Mata suka kwashe da dariya. Ta bari suka lafa, ta ce, "Ko ki tsine mata ko ki sallame ta, duk wanda kika ga dama. Amma ki bari ta ajiye muciyar nan, hannu yana gajiya."

A a-daidaita-sahu na yi kukana har Kurna, na ja mayafi na rufe fuska. Ashe ta sani. Tun da na fara littafin wani dillali ya ce mini matar uba in ba muguwa ba ce ba ta sayuwa, ni kuma na ɗauka. Na ɗora wa matar labarin horo da yunwa, da ɗora talla, da bin bokaye, duk aro daga littattafan da na karanta. Amma jikinta na Inna ne. Yadda take ɗaura zani a ƙirji, yadda take ajiye goro a gefen ɗankwali, ɗingishin da take yi da damina, har yadda take kiran kaji. Uwar Rakiya kuwa na mai da ita mala'ika. Alhali Innar da na sani ita ta kwana uku a zaune da ni a cinya lokacin da na yi ƙyanda, ita ta sayar da kwallarta ta biya mini kuɗin jarrabawar fita sakandare. Mahaifiyata kuma, Allah ya ji ƙanta, ta zo ana saura kwana huɗu bikina, muka zauna a ɗaki mu biyu, muka gaisa, muka sake gaisawa, sai maganar hanya da tsadar mota. Ba laifinta ba ne, ba nawa ba ne, shekaru ne suka shiga tsakani.

To kun ga inda na maƙale. Masu karatu suna jiran a tona asirin matar uba, ta haukace ko ta bi titi, Rakiya ta faɗa jikin uwarta. In na rubuta haka na yi wa Inna ƙazafi a gaban duniya. In na rubuta abin da na sani, na ƙaryata littattafaina biyu. Sai na zaɓi in bar su a tsaye, na sa wa abin suna rashin lokaci. Da na koma kan akwatin nan da wannan idon, sai na ga kusan duk labaran a wuri ɗaya suke mutuwa: inda ya zama dole wani ya yi asara, inda zan cuci yarinyar da na ƙaunata, ko in faɗi wani abu da ya yi kusa da gidanmu. Shi ya sa yanzu in yarinya ta ce mini labarinta ya tsaya, ba na tambayarta ko tana da lokaci. Cewa nake ta nuna mini shafin ƙarshe da ta rubuta, in tambaye ta me take tsoron ya faru a shafi na gaba. Sau da yawa ta sani sarai.

Duk da haka ban koma kan littafin nan da nan ba, mai hali ba ya fasa halinsa a dare ɗaya. Abin da ya fara kwance mini hannu gajeren labari ne. A 2016 sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata, labari tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500, da ranar rufewa. Shekarar farko na yi ta shiri har aka rufe. A ta biyu na rantse sai na tura. Na rubuta ya kai kalma 4,000 ko tsakiya ban je ba, don na saba da shimfiɗa irin ta littafi na ɗaya, a gabatar da kaka da kakan kaka. Dole ta sa na zauna na tambayi kaina: wai ina labarin nan zai sauka? Na rubuta sakin layin ƙarshe a bayan takardar jarrabawar yara, sannan na dawo na yanke duk abin da ba ya kan hanyar zuwa can. Ban ci komai ba, ko cikin waɗanda aka karanta ban shiga ba. Amma ranar da na tura, na zauna a bakin gado ina kallon bango, ina jin wani sanyi da ban taɓa ji ba tun da na fara riƙe biro. Shekarata kusan 20 ina rubutu, ranar na fara kai labari ƙurunƙus.

Ko mai a-daidaita-sahu kafin ki hau sai ya ce "Ina zuwa?" Ba sai kin san kowace kwana ba, ana iya tarar da an rufe hanya a zagaya, amma wadda ba ta san unguwar da za ta ba yawo za a yi ta yi da ita har mai ya ƙare. Kuma ranar rufewa rahama ce, ko da kuwa ke kika yanka wa kanki. Littattafan da muka karanta a makaranta irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam daga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 suka fito. Ina yawan tunanin malaman zamanin da wataƙila sun fi kowa iya zance a zaure, suka fara nasu suka ajiye. Waɗanda suka aika nasu Zariya a kammale su muka sani.

Sai 2020. A watan Afrilu aka kulle Kano saboda korona, azumi ya shigo muna kulle, kuma a makonnin nan ne aka yi ta rashin dattawa a gari. Kullum waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Inna ta haura 70, tana Gwammaja, ba halin in je. Wani dare bayan tarawihi, da muke yi a gida, na ce wa kaina in matar nan ta tafi da muciya a hannu ba zan yafe wa kaina ba.

Ga yadda na yi, ba don ita kaɗai ce hanya ba. Na fara karanta na ɗaya da na biyu kamar wata ce ta rubuta, ina cije leɓe, don wasu wuraren kunya kamar in nutse. Na ciro tsohuwar kalanda na juya bayanta, na rubuta duk bashin da na ci. Kowane abu da marubuci ya nuna wa mai karatu da alamar zai dawo kansa, bashi ne. Akwai wasiƙar da aka ɗinke a cikin matashi, akwai saurayin da ya tafi Legas neman kuɗi, akwai ƙanin da ya ɓata a kasuwa, har guda tara. Mutanen labarin kuwa 31, wasu ni kaina na manta da su. Na manna kalandar a bayan ƙofa, in na biya bashi in soke shi da jan biro na makin yara. Wasu jimla ɗaya ta ishe su. Saurayin Legas a bakin wata maƙwabciya aka ji ya yi aure can, shi ke nan, ba wanda ya yi kewarsa.

Sannan na rubuta babin ƙarshe kafin komai, na ajiye. Lokacina bayan sahur da asuba ne, kafin yara su tashi, shafi biyu, ko da daɗi ko ba daɗi. Na san halina na komawa baya in yi ta goge-goge, sai na yage shafukan kullum in miƙa wa babbar 'yata, ta kulle a jakar makarantarta. Na ce ko na roƙe ta kada ta ba ni. Na kuwa roƙa. Wata safiya na bi ta har bakin murhu na ce ta ba ni na jiya in gyara suna ɗaya kawai, ta ce, "Umma, ke kika ce in kin zo da wannan maganar in ce miki sai an gama." Na ji kamar in kai mata duka, na koma na rubuta na ranar. A tsakiyar azumi bazawarin nan ya zo kamar yadda ya saba, labari mai kyau a kan wata ungozoma. Na rubuta shi a layi uku a bangon littafin, na ce ya jira a zaure. Maigidana ma da ya ga abin da gaske ne, shi ya ɗauki aikin ɗumama abincin sahur, abin da ban taɓa gani ba tun aurenmu.

Wasu ranakun abin da na rubuta shara ne, na sani ina rubutawa. Amma shara ana share ta, farar takarda ba abin da za a gyara a jikinta. Kwana 47 na yi. Matar uban ce ta amsa sallamar. Ta ajiye muciya, ta shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, ta kwashe malmalar farko ta ajiye a gabanta. Ban iya wanke ta daga abin da na ɗora mata a baya ba, an riga an buga, amma na shiga ɗakinta na nuna 'ya'ya ukun da ta binne kafin a kawo mata Rakiya. Rakiya kuma ba ta bi uwarta ba. Ta raka ta tasha, ta dawo gida. Da ya fita wasu sun ji haushi, wata ta aiko mini cewa na ɓata musu shekara 14 a banza tunda ba a hukunta muguwa ba. Ban ce mata komai ba. Ni ma na san ƙarshen bai kai wanda na yi ta mafarki ba. Wancan na mafarkin dai ba wanda ya taɓa karanta shi.

Yanzu kasuwar takarda ta ja baya, an koma waya. 'Yan mata suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, in ya ɗauko daɗi a ce daga nan na kuɗi ne, a tura ta asusu. Ba na ƙyashin kowa, sana'a ce. Amma ciwon nan namu ne ya samu babur. Kin karɓi kuɗin mutum ɗari, kin kai shafi na 40, gara ta ƙare, sai a ji wayarki ta faɗa ruwa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga kuma masu karatu a kanki kullum, wannan ta ce a kashe kishiya, waccan ta ce a dawo da tsohon saurayi, ki bi wannan ki bi waccan har ki rasa naki labarin. Na san akwai masu iya rubutawa kullum suna saki kuma su kai ƙarshe, Allah ya ba su. In kin san ke irina ce, kada shafin farko ya fita sai na ƙarshe yana hannunki.

Littattafan akwatin nan kuwa, bayan sallah na zazzage su a tsakar ɗaki na bi su ɗaya-ɗaya. Uku na ga har yanzu da numfashi, biyu daga ciki na gama su tun daga lokacin, ɗaya ina kai. Ashirin ɗin na sallame su. Ba kowane labari ne dole a ƙarasa ba, wani tun asali ba shi da ƙashin baya, wani kuma wadda ta fara shi ba ita ce ni ta yau ba. Saki halal ne. Abin da ba shi da kyau a bar mace ba aure ba saki, kuma haka na yi musu shekara da shekaru, suna ƙarƙashin gado suna hana ni sakewa. Ban ba mai ƙosai ba saboda akwai sunan Allah a ciki, a murhu na ƙona su.

Da aka sassauta kulle na ɗauki rubutun na tafi Gwammaja. Yamma uku na yi ina karanta wa Inna, tana kishingiɗe a kan tabarma, idonta a rufe, har ina zaton barci take. In na yi shiru sai ta ce, "Ina ji." Da na kai layin ƙarshe na rufe, ta daɗe ba ta yi magana ba. Can ta ce, "Ƙurunƙus?" Na ce, "Ƙurunƙus, Inna." Ta gyara ɗankwali ta ce, "Tuwon da ya daɗe haka a wuta ba ya malmaluwa sai an yayyafa ruwan zafi an sake tuƙawa, ki gyara wajen. Bokan nan kuma ƙarya kika yi." Na ce, "Ai labari ne, Inna." Ta ce, "Na sani. Goron dai nawa ne."

Kwafi 50 kacal na buga, don na san ba kasuwa zan kai ba. Na farko na kai shagon bakin layi. Yanzu cajin waya ake yi a ciki da cirar kuɗi, ɗansa ne a kan tebur, littattafan an tura su can baya. Tsohon yana zaune a waje a kan bencin nan, gemu ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Ya juya littafin gaba da baya, ya kai shi kusa da ido ya ga lamba 3 a bango, ya ce, "Ikon Allah." Ya tashi daga bencin ya sa yaron ya ɗauka ya taka. Da aka sauko da nawa, robar ta narke ta manne da bangon, sai da ya sa farce ya kankare ta. Ya kaɗe ƙurar a gefen rigarsa, ya haɗa ukun ya ajiye a kantar ƙasa. Sannan ya ɗaga kai yana ƙirga na saman da yatsa, ya ce, "Saura ɗauri 17. Malama, in kina haɗuwa da iyayen waɗannan, ki ce ina gaishe su."